Kayan Sallar da Ban Tambaye Ki Ba

Roni, ranar Asabar da hantsi.

Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki irin gaisuwar da bakina bai taɓa iya yi miki ido da ido ba. Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, an ba ki gado mai kyau a ɗakin kwananku. Allah Ya haɗa ki da ƙawaye na kirki da malamai masu tausayi, Ya tsare ki daga ciwo da sharrin baki, har da irin bakin ubanki.

Ummanki ce za ta cusa miki ita a ƙasan akwati, ƙarƙashin ƙullin gari da ƙuli-ƙuli. Na roƙe ta kada ta faɗa miki sai kin isa Kazaure kin gani da kanki. Rubutun kuma ki yi haƙuri da shi. Kin san ban zauna a aji ba, a jikin kwalayen kayan babur da jaridun naɗe tsire na koyi haɗa baƙi. In kin ga tabon baƙin mai a gefe, a kan bencin gareji nake rubutawa, ga Iro mai faci yana ta leƙe yana tambaya ko takarar kansila zan fito.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Shekaranjiya Ummanki ta gaya mini abin da kika ce: in an ba ku hutun Ƙaramar Sallah ba za ki dawo Roni ba, a gidan Kawunki Sale za ki yi Sallarki, can Kazaure. Tana rufe baki na miƙe tsaye na fara abin da na saba. "Ni za a yi wa haka? Ina raye? Wa ya haife ta, ni ko Sale?" Ta bar ni na zazzage tas, tana tsince shinkafarta, sannan ta ce, "Baban Nura, in ka gama, ka nuna mini Sallah ɗaya da yarinyar nan ta yi dariya a gidan nan tun rasuwar Inna."

Nan ta ƙure ni. Ni Habu, wanda ko 'yan tasha ba sa ƙure ni da magana. Kwana biyu ke nan ina neman Sallar nan guda ɗaya, ban same ta ba. Abin da na samu a madadinta shi zan rubuta miki, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina da shekara goma sha tara aka haife ki. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa miki, kunya biyu ke nan a kaina. Ban taɓa ɗaukar ki a gaban mutane ba. In kina kuka a tsakar gida, sai in tsiri gyaran abin da bai lalace ba. Mutane suna yabo, "Habu duk bakinsa akwai kara," ni kuma ina jin daɗi kamar wani aiki na yi. Abin bai cutar da ke ba a lokacin, saboda akwai Inna. Ita ta san girman ƙafarki, ita ta san ba kya son ja. Azumi na kai goma za ta ce, "Takwarata, taso mu je mu zaɓa, kada ubanki ya sayo mana buhu." Ni nawa in miƙa mata abin sayayya in kau da kai.

Da Allah Ya karɓi Inna kina da shekara tara. A shekarar ne sayen kayan Sallarki ya faɗo hannuna, kuma a shekarar na fara ɓarna.

Kin san yadda ake yi. A karyo tsinken tsintsiya, a sa yaro ya taka ƙasa, a auna daga dunduniya zuwa babban yatsa, a karya daidai, a tafi kasuwa da shi. Na yi wa Nura haka, har ina yi masa cakulkuli a tafin ƙafa. Da aka zo kanki sai na ji ba zan iya durƙusawa in riƙe ƙafar 'yar fari ba, ga matan gida suna kallo. Ummanki ta ce in kawo ta auna, na ce mata na fi ta sanin aikina. Sai na jira kika ɗebo ruwa kika wuce, na lallaɓa bakin randa inda ƙasa ta jiƙe, na auna sawunki kamar mai bin sawun ɓarawo. Ban lura santsi ya ja ƙafarki a wurin ba.

Don kada a gan ni a Roni ina taya takalmin mata, har kasuwar Gwiwa na hau babur na tafi. Mai takalmin ya karɓi tsinken ya juya shi, ya ce, "Na maiɗakinka ne?"

Na ce, "Na 'yar shekara tara ne."

Ya ce, "Malam, 'yar mutum ko 'yar raƙumi?"

Na ce, "Kai takalmi aka ce ka sayar ko awon ciki? Ba ni wanda ya yi daidai da tsinke, ka riƙe iliminka."

Bawan Allah ya gaya mini gaskiya, na saka masa da baƙar magana. Da safen Sallah kika zura ƙafa, aka ga saura wurin da wata ƙafar za ta shiga. Kika ɗago kika dube ni. Maimakon in ce na yi kuskure, sai na daka tsawa, "Ai girma za ki yi a ciki! Mu da muka je idi ba takalmi mutuwa muka yi?" Aka cusa miki tsumma a gaba. Sauran kin fi ni sani: yadda ɗaya ya fice a turmutsutsun filin idi kika koma nema a tsakanin ƙafafun mutane, da yadda yaran unguwa suka yi wata guda suna kiran ki Uwani mai kwale-kwale.

Amma akwai wanda ba ki sani ba, ko kuma kin sani kika yi shiru. A hanyar dawowa na hango ki. Takalman suna hannunki, kina ɗingisa a kan yashi mai zafi, kina kauce wa ƙaya. Nura yana zaune a kan tankin babur a gabana, baya kuma babu kowa. Na rage gudu. Sai na ga su Iro a gindin darbejiya suna kallon hanya, na murɗa mai na wuce ki. Wallahi Uwani, shekara shida ke nan, duk ranar da na bi ta gindin darbejiyar nan sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a ƙeya.

To ki ji. Nan gaba kaɗan ke za ki riƙa riƙo wa su Nura da Walida tsaraba, wata rana kuma ki yi wa naki 'ya'yan kayan Sallah. Ki durƙusa ki auna. Ki kama ƙafar da hannunki. Kada ki saya wa yaro kayan baɗi, shi Sallar bana yake jira, bai san wata baɗi ba. In mai kaya ya ce miki akwai gyara, ki saurare shi, ya ga ƙafafu fiye da ke. Kunya kuwa abu ne mai kyau, ban ce ki yar ba, amma duk kunyar da za ta sa yaro tafiya a yashi mai zafi ba kunya ba ce, tsoron bakin mutane ne aka naɗa masa rawani.

Shekara biyu da suka biyo na sakar wa Ummanki komai, aka samu sauƙi, duk da ba a rasa abin da zan kushe ba. Sai shekarar da kika cika goma sha biyu na sake tsoma baki.

Ƙawayenki su Zulai suka fitar da anko, atamfa koriya mai zanen ganye, ku shida. Ba ki iya tunkarata ba, kika aiko Ummanki da ƙyallen a hannu. Ranar na yi wa'azin da ko limamin Juma'a sai haka. Anko almubazzaranci ne, anko koyi da 'yan birni ne, ni 'yata ba tunkiya ba ce da za ta bi garke, ni ƙwaƙwalwarta zan yi wa ado. Aka ɗinka miki wani yadi ruwan toka da na zaɓa da kaina. Da na shiga Kano sayo kayan gyara kuma, na tsaya wurin mai littattafai a bakin titi na sayo ƙamus na Turanci da Hausa, mai kauri kamar bulo. Ko miƙa miki ban yi da hannuna ba, Nura na ba na ce, "Kai wa yayarka, barka da Sallarta ke nan." Na fita gareji ina baza hanci, ina gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ni ba irin iyayen da ke saya wa 'ya'ya tarkace ba ne.

Ƙarya nake yi. Shekara biyu ina wucewa ta gaban mai littattafan nan ina haɗiyar yawu a kan ƙamus ɗin. Ni nake son sa. Na rasa hujjar da zan saya wa kaina, sai na laƙaba miki. Ko kwana uku bai yi a ɗakinku ba na ce a ara mini zan duba kalma ɗaya. Yana nan a akwatin kayan aikina har yau, babu shafin da babu yatsana a jiki, naki ko ɗaya.

Ranar Sallar kuwa ina zaure lokacin da su Zulai suka zo, su biyar, kore shar kamar gonar gyaɗa. Yayan Zulai ya ɗaga waya zai ɗauke ku hoto a ƙofar gida, ya ce, "Wadda ba ta yi anko ba ta ɗan matsa gefe, ta riƙe musu jakunkuna." Kika matsa. Kika tsaya da jaka biyar a hannu kina yi musu murmushi. Ni da ke iya tayar da unguwa a kan an taka mini tabarma, ranar ban ce uffan ba, don na san ba yaron nan ne ya fitar da ke daga hoton ba.

Ga abin da na koya, da tsada. In kin ɗauki abu a kasuwa don wani, kika ji zuciyarki tana cewa "ai ni ma na riƙa ara," ajiye shi, kanki kike yi wa sayayya. Kuma kada ki haɗa Sallah da tarbiyya. Akwai wata goma sha ɗaya na littafi da faɗa da gyaran hali. Ranar Sallah yaro so yake ya ji shi ma ɗan wani ne. Ƙanana irin Walida ba su da wuya, abu mai ƙara ko mai ƙyalli ya ishe su, balan-balan, tabarau na roba, ɗan lalle a hannu. Amma yaro in ya fara tasawa, ba kayan yake kallo ba, sa'o'insa yake kallo. Abin da babba zai kira bin garke, a wurinsa shi ne samun wurin tsayawa. Kuma ki lura da wanda ba ya magana. Nura bakina ya ɗauko, shekarar da ya so bindigar ruwa sai da ya hana gidan nan sakat har na sayo. Ke da kika yi haƙuri, ke na fi zalunta. A rabon kayan Sallah mai shiru shi ake dannewa, sai a ce ai shi ba ruwansa.

Yanzu saura wadda ta fi nauyi, ta bara. Na so in tsallake ta, har na ajiye biro na je na kwance wani kafireton babur da ba a sa ni ba. Amma ita ce ta kore ki, dole in faɗa.

Bara na yi niyyar gyarawa, Allah shaida. Na ce tunda anko take so, za ta sha anko. Na sayo yadi mai furanni turmi guda, na kai wa tela na ce ya yi wa 'yan matana biyu iri ɗaya, doguwar riga mai tattara da ɗan ƙulli a baya. Telan ya ce, "Habu, babbar fa ta zama budurwa, wannan ɗinkin yara ne." Na ce masa allura aka ba shi ba shawara aka nema ba. Kin ga ban canza ba ke nan: mai takalmi ya faɗa, tela ya faɗa, ni dai kunnen ƙashi. Ankon da kika nema da ƙawayenki kina goma sha biyu, shi na kawo miki kina goma sha huɗu, da ƙanwarki 'yar shekara huɗu. Saboda tsabar kau da kai, ban ma san kin yi tsawon Ummanki ba.

Ana gobe Sallah da la'asar Kawunki Sale ya tsaya da motarsa ta haya, ya shigo da 'yar leda. Ya ba Nura hula, ya ba Walida 'yar tsana, ya miƙa miki wani ɗan akwati. Agogon hannu ne, baƙi, ba wani na a zo a gani ba. Amma fuskarki, Uwani! Rabon da in ga haƙoranki haka tun Inna tana da rai. Kika ɗaura, kika kai kunne, kika ce, "Kawu, yanzu in ina gwajin jarrabawa zan san minti nawa ya rage."

Da mai hankali ne ni, da na yi godiya. Amma ban yi ba. Na ga ƙanin matata ya yi a minti ɗaya abin da na kasa a shekara biyar. Na ce, "Cire." Na ce, "Cire ki ba shi kayansa. Gidan nan ba gidan marayu ba ne. Sale, in kyauta ke cin ka, ka haifi naka."

Na faɗa wa mutumin da shekararsa takwas da aure Allah bai ba shi haihuwa ba. A gaban yayarsa, a gaban 'ya'yana, da azumi a bakina. Ya karɓi agogon ya sa a aljihu, ya ce, "Allah Ya ba mu alheri, mijin Yaya," ya fita.

Ke kuma ba ki yi kuka ba, da ma kin yi. Kika tsaya kina shafa wurin da agogon ya zauna, kika ce a hankali, "Baba, shi fa tambayata ya yi." Kika shige ɗaki. Washegari kika sa rigar mai ƙulli a baya, kika rufe ta da dogon hijabi har ƙasa, ba ki cire ba sai da rana ta faɗi, kuma ba ki leƙa ko ƙofar gida ba.

A nan ba ni da wata nasiha mai daɗin ji. Magana zarar bunu ce. In wani ya faranta wa naki rai fiye da yadda kika iya, ki ce Allah Ya saka, ki tambaye shi yadda ya yi. Yaro ba gona ba ne da za a yi rikicin iyaka a kansa. In kuma kin ji irin zafin nan nawa yana taso miki, don jinina yana jikinki ko da kin fi ni iya rufe shi, ki fita ki sha ruwa, ki bar bakin ya huce.

Jiya na rufe gareji na tafi Kazaure. Na samu Kawunki a tasha yana wanke mota. Yana hango ni ya ce, "A'a, mijin Yaya! Yau kuma wace gobarar ka kawo? Bari in matsar da motar, akwai mai a ciki."

Na ce, "Sale, haƙuri na zo ba ka."

Ya ajiye soso ya dubi sama, ya ce wa direbobin da ke wurin, "Jama'a ku duba mini, rana ta gabas ta fito yau kuwa?" Suka yi ta dariya. Na tsaya na shanye, don na cancanci fiye da haka. Da na maimaita masa maganar da na faɗa a kan haihuwa, na ce ita ce ta fi damuna, sai dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana matse soson, sannan ya ce, "Ta yi mini ciwo, Yaya Habu. Amma ta wuce." Agogon yana nan a wurinsa, ya ce duk wata sai ya duba ko yana tafiya. Ranar ziyara zai kawo miki. Ki karɓa da hannu biyu. Kyautarsa ce, ba tawa ba, ba kuma zan laɓe a bayanta ba.

Maganar Sallah kuma, ga yadda na yanke, kuma Ummanki shaida ce. Ba zan aiko a ɗauko ki ba, ba zan yi rantsuwa ba, ba zan ɗaga wa kowa murya ba. In gidan Kawunki kika zaɓa, ki zauna da izinina, ba fushi, ba gori, kin isa a bar ki ki yi Sallah ɗaya cikin kwanciyar rai. Amma ina so ki dawo. Ban iya faɗar wannan a tsakar gida ba, shi ya sa na rubuta: ina so ki dawo, gidan nan in babu ke ranar idi ban san inda zan sa idona ba.

Bayan takardar nan na bar shi fari, ban rubuta komai ba. Naki ne. Uwani, me kike so a Sallar bana? Ki rubuta yadda yake a ranki, launi da ɗinki da komai, ko da abin da zan ga shirme ne, ko da kuma abin da za ki rubuta shi ne in ƙyale ki. Ki ba Kawunki ya kawo mini. Zan karanta a zaune, bakina a rufe.

Allah Ya tsare ki a kwance da tsaye, Ya buɗa miki karatu, Ya kare ki daga zazzaɓi da mugun abokin zama. Allah Ya jiƙan Inna, Ya yi miki albarka, Ya ba ki 'ya'yan da za ki fi ni iya kallon su. Ki yafe mini in kin iya, in ba ki iya ba yanzu, zan jira.

Wassalam.

Mahaifinki,
Habu